Daga Kwalin Kaset Zuwa Kwaɗon Intanet: Tarihin Kwafi da Kulle a Iyakar Jibiya

Duk wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Maraɗi, a Magama ta ƙaramar hukumar Jibiya zai tsaya gaban jami'an kwastam da na shige da fice kafin ya tsallaka zuwa Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. Layin da yake tsallakawa ɗin jiya-jiya aka ja shi idan an gwada da zumuncin da ya ratsa. Turawan Ingila da na Faransa suka yi ta ja-in-ja a kansa cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan suka tura masu awo suka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, alhali ita kanta Maraɗi sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa ta, shi ya sa har gobe ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. An yi rubuce-rubuce da dama a kan gyaɗa da gero da shanu da taba sigari da atamfa da fetur da shinkafar da suka yi ta kai da komo ta wannan ƙofa. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne wani kaya mara nauyi da ya bi hanyar tare da su: kaset ɗin waƙa da na wa'azi, kaset ɗin bidiyo, faifan fim da na gem, daga baya kuma memori da ake ɓoyewa a aljihun riga. Tarihin wannan kaya ya cancanci a tsaya a kansa, domin manyan kamfanonin wasannin kwamfuta sun ɗauki dabarar da gwamnatoci suka sha gwadawa a wannan iyaka ba ta yi ba. Sun gina ƙofa ɗaya tak, sun ce dole kowa ya bi ta cikinta, sannan suka gindaya sharuɗɗan da mutumin Jibiya ba zai iya cikawa ba ko da yana riƙe da kuɗinsa a hannu.

Abin da iyakar ta koyar a fili yake. Masanin nan Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya nuna a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi cewa dukiyar manyan 'yan kasuwar garin ta ginu ne a kan bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu: abin da Nijeriya ta hana shigowa da shi Nijar ta yarda ya ratsa ƙasarta, abin da ke da araha da naira yana da tsada da sefa. Duk inda doka ta raba farashi biyu, fasa-ƙwauri ya sami abinci. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana shigo da shinkafa, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. Aka kuma rufe ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta janye. A duk waɗannan shekaru shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara, ta koma bin hanyoyin daji a bayan babura. Wanda ya tagayyara shi ne ɗan kasuwar da ke da takardu, mai son biyan haraji ya wuce ta titi, da direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a bakin tasha. Mai fito kuwa ladansa ya ƙaru, domin haɗarin ya ƙaru.

Kwafi kuwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma ba a taɓa yi mata kallon sata ba a farkonta. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahi da na Muhammadu Bello, da waƙoƙin Nana Asma'u, da hannu aka yi ta kwafe su daga gari zuwa gari. Mai kwafi yana karɓar ladan wahalarsa, ya rubuta sunansa a ƙarshe yana neman addu'a, amma ba ya taɓa sunan marubucin, domin nan ne amanar take. Da kaset ɗin rediyo ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980, makaɗa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo ba da kuɗin kaset suke rayuwa ba. Iyayen gida da biki da sallah ke ciyar da su, kaset ɗin da mai shago ya kwafa ya kai Maraɗi ko Damagaram kuwa suna yake ƙara musu. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da hukumar da aka ƙaddamar a 1989 don aiwatar da ita, sun tarar da al'ummar da ta saba ganin yaɗa aiki alheri ne ga mai shi. Wannan fahimta ta yi daidai da sana'ar da ba a ci da yawan kwafi. Ranar da aka sami sana'ar da jarinta gaba ɗaya ya dogara ga sayar da kwafi, sai lissafin ya canza.

Sana'ar ita ce fim ɗin Hausa. Tun kafin a yi ta, dillalan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano sun ƙware wajen kwafe finafinan Indiya da na Amurka, suna da jerin na'urorin bidiyo da hanyoyin rarraba kaya har Nijar da Kamaru da Ghana. Akwai ma wata iyaka ta fasaha da suka riga suka ƙetare, domin talabijin ɗin Nijeriya tsarin PAL yake bi, na Nijar kuma tsarin SECAM na Faransa, sai na'urori masu karɓar kowane tsari suka cika kasuwa suka share bambancin. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya fim suka yi ta ƙaruwa, ba su da wata hanyar kai kayansu ga jama'a sai ta hannun waɗannan dillalai. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana dabarar da aka daidaita a kai, kuma dabara ce mai ban sha'awa. Furodusa zai ba dillalai asalin kaset ɗin, su kwafa da kansu a kan kaset ɗinsu, shi kuma ya buga kwali mai hotunan 'yan wasa ya sayar musu. Kaset ɗin da ke cikin kwalin furodusa shi ne halal, wanda babu kwalin shi ne na sata. Wato an gane cewa ba za a iya hana kwafi ba, sai aka ɗora haƙƙin a kan abin da za a iya ƙirgawa. Tsarin yana da ɓaraka: ana iya buga kwalin jabu, dillali yakan ɗauki kaya bashi ya daɗe bai biya ba, shagunan haya suna sayen kaset ɗaya su ci riba da shi wata da watanni, kuma da zarar kaya ya wuce Magama hannun hukumar Nijeriya ba ya kai gare shi. Duk da haka a kansa aka gina masana'antar da ta fitar da Sangaya a 1999, ta ciyar da dubban mutane. Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne bai nemi kome daga mai saye ba illa kuɗinsa. Matar da aka kawo wa kaset daga kasuwar Jibiya ta mallake shi, za ta iya kallo sau ɗari, ta ara wa kishiyarta, ta bar wa 'ya'yanta.

Faifan CD ya raunana tsarin, wayar hannu ta ƙarasa shi. Da memori ya yi araha, kwali ya rasa abin da zai rufe. Sai ga masu turi a kowace tasha da bakin kasuwa, saurayi da kwamfuta a kan tebur da janareta a gefe, yana tura fim da waƙa da gem a waya kan 'yan nairori, daga baya ma manhajoji irin su Xender suka sa kowa ya zama mai tura wa ɗan'uwansa. Ba zan rage girman ɓarnar ba. Furodusoshi sun sayar da filaye da motoci sun yi fim, kafin su mayar da uwar kuɗi fim ɗin ya gama zaga wayoyin Arewa da Nijar, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kasuwar faifai ta mutu, shaguna suka koma sayar da kayan waya, masu fim da yawa suka bar sana'ar.

Gem ya shigo yankin ta wannan hanya ɗaya, amma shi da kwaɗonsa ya zo daga masana'anta. Tun a 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya sa wani ɗan guntun na'ura a cikin injinsa na Amurka wanda ke ƙin karɓar duk kaset ɗin da ba da izininsa aka yi ba. Masu wasannin kwamfuta na shekarun 1980 kuma sukan tsayar da wasa su tambayi kalma ta kaza a shafi na kaza na littafin da ke cikin kwali, don wanda ya kwafi faifai kawai ya maƙale. Da Sony ya fito da PlayStation a 1994, sai ya raba duniya gida uku, Japan da Amurka da Turai, faifan wani yanki ba ya tashi a injin wani. Masu faifan DVD suka yi irin haka suka jefa yawancin Afirka a yanki na biyar tare da Rasha da Indiya. Babu wani daga cikin waɗannan kamfanoni da ya kafa hanyar sayar da kayansa a Katsina ko Maraɗi da farashin da mutanen wurin za su iya. Abin da ya iso shi ne injinan kwaikwayo masu wasanni da yawa a kaset ɗaya, da tsofaffin injinan PlayStation da masu gyara suka sa wa guntun da ke buɗe su, da faifan kwafi daga Alaba ta Legas da kasuwannin Kano. Da su aka buɗe gidajen gem, ɗan shago da benci da talabijin biyu ko uku, yara suna biyan kuɗin wasa ɗaya na ƙwallon ƙafa, wanda aka ci ya tashi. Daga baya aka koma loda wasanni a filashi, sannan manhajar PPSSPP ta mayar da wayar Android injin gem. A duk tsawon wannan zamani, wanda ya yi sa'a ya sami faifai na asali, ko da kwance ne daga Turai, nasa ne. Kwaɗon yana jikin kayan, kuma mai kayan yana riƙe da mabuɗinsa.

An sauya wannan ne a 2004. Kamfanin Valve na Amurka ya buɗe dandalinsa mai suna Steam a watan Satumban 2003, sannan da ya fitar da wasan Half-Life 2 a watan Nuwamban 2004 ya ce ko wanda ya sayi faifai a kanti sai ya buɗe asusu a Steam ya haɗa da intanet kafin wasan ya tashi. Masu saye sun yi ƙorafi sosai, amma wasan ya yi farin jini har suka haƙura, sauran kamfanoni kuma suka ga hanya. Wasan Spore na 2008 ya zo da kwaɗon SecuROM wanda ya ƙayyade sau uku kacal za a iya girka shi, abin da bai hana shi shiga sahun wasannin da aka fi sata a shekarar ba. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya sa Assassin's Creed II na kwamfuta ya riƙa tsayawa duk lokacin da intanet ya yanke, ko da mutum shi kaɗai yake wasa a ɗakinsa. A 2013 mutanen da suka sayi SimCity suka yi kwanaki ba su iya shiga ba saboda na'urorin kamfanin EA sun kasa ɗaukar jama'a, a shekarar ne kuma Microsoft ya yi niyyar tilasta wa injin Xbox One leƙa intanet kowace awa 24, har sai da hayaniyar jama'a ta sa ya janye. A 2014 kwaɗon Denuvo ya fito daga Ostiriya, yana neman tantancewa ta intanet lokaci zuwa lokaci. A yau yawancin manyan wasannin kwamfuta ba su da faifai ko kaɗan, Valve yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na mafi yawan cinikin da aka yi a dandalinsa, kuma yarjejeniyar da mai saye ke amincewa da ita ta faɗa ƙarara cewa lasisi aka ba shi, ba a sayar masa da kome ba.

Sai a duba yadda wannan ƙofa take daga Jibiya. Sabon babban wasa dala 60 ne zuwa 70. A farashin canji na 2024 da 2025, lokacin da dala ke kaiwa naira 1,500 ko fiye, dala 70 ta haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Steam ba ya karɓar naira ko sefa. Daga 2022 bankunan Nijeriya suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, da yawansu suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Wanda ya tsallake wannan yana da sauran aiki, domin wasa ɗaya na iya cin gigabait hamsin ko ɗari, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kantin PlayStation na intanet kuwa bai san da Nijeriya ko Nijar ba, wanda ke son asusu sai ya rubuta cewa a Ingila ko Amurka yake zaune, wato sai ya yi ƙarya kafin a karɓi kuɗinsa. A watan Mayun 2024 wannan ya fito fili lokacin da Sony ya ce dole masu wasan Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka cire wasan daga kasuwa a ƙasashe sama da 170 da ba su da damar buɗe asusun. Sony ya janye sharaɗin bayan kwanaki kaɗan saboda fushin masu saye na Turai da Amurka, ba don wani ya tuna da mu ba. Abu na ƙarshe shi ne wanda mutanen Jibiya suka gani da idonsu. A watan Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Jibiya, aka yi watanni babu kira babu data. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, sakamakonsa ɗaya ne: duk abin da aka saya wanda sai ya gaisa da wata na'ura a Turai kafin ya buɗe ya zama ba shi da amfani, faifan sata da ke kan teburin mai turi kuwa yana aiki lafiya lau.

Mai adawa da wannan magana zai ce kamfanonin suna da gaskiya, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Babban wasa yana cin aikin ɗaruruwan mutane na shekaru, idan kowa ya kwafa kyauta ba za a sake yin wani ba, kuma mun ga abin da ya sami Kannywood, wato masana'antar fim ɗin Hausa. Addini ma bai goyi bayan mai sata ba, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa ta. Na yarda da duk wannan, kuma ba na neman a wanke mai turi. Tambayar ita ce wane ne kwaɗon yake kamawa. Masu fasa shi ƙwararru ne, sukan yi aikin sau ɗaya, wani lokaci cikin kwanaki wani lokaci cikin watanni, daga nan kwafin da ya yaɗu ba shi da kwaɗo ko kaɗan. Wanda ya rage yana fama da tantancewa da iyakar girkawa da yankewar intanet shi ne wanda ya biya. Kariyar da ke sa kayan sata ya fi na halal daɗin amfani tana koya wa mutane sata ne da hannunta.

Za a kuma ce ai Steam ya rage satar wasanni, ya kawo rangwame, yana da tsarin yin wasa ba tare da intanet ba, ya kuma buɗe wa ƙananan masu ƙirƙira kasuwar duniya. Haka ne, amma a duba abin da ya jawo nasarar. Shugaban Valve da kansa, Gabe Newell, ya bayyana a 2011 cewa a ganinsa satar fasaha matsala ce ta rashin kyakkyawar hidima, ya kawo misalin Rasha, inda aka ce musu kada su shiga don ƙasar ɓarayin faifai ce, suka fassara wasanni suka fitar da su a kan lokaci, ƙasar ta zama cikin manyan kasuwanninsu na Turai. Sauƙin saye ne ya yi aikin. Kamfanin CD Projekt na Poland, wanda shi ma ya taso a ƙasar da faifan kwafi ya cika kasuwa, ya buɗe kantin GOG a 2008 yana sayar da wasanni babu kwaɗo, kuma wasansa The Witcher 3 da ya fito a 2015 a haka ya sayar da kwafi sama da miliyan 50. Abin da aka yi wa Rasha ba a yi wa Afirka ta Yamma ba. Tsarin wasa ba tare da intanet ba kuma rangwame ne da mai dandali ya ga dama ya yi, ba ya ɗaure sauran kamfanonin da ke ɗora nasu kwaɗon a kai. Turawa ma ba su yarda a yi musu irin wannan shinge a tsakaninsu ba, domin a watan Janairun 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Valve da wasu kamfanoni biyar yuro miliyan 7.8 saboda hana wasan da aka saya a wata ƙasar tarayyar tashi a wata.

Akwai kuma batun mallaka, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Wasan tseren mota The Crew ya fito a 2014, mutane suka saya da cikakken kuɗi, wasu har da faifai. A ƙarshen watan Maris na 2024 Ubisoft ya kashe na'urorin da wasan ya dogara da su, ya mutu a hannun kowa. Daga nan aka fara gangamin hana kashe wasanni, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025, jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa kantunan intanet su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake karɓa. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ko Askari ya san bambancin nan tun kafin a yi kwamfuta. Ciniki yana mayar da mallaka ga mai saye, ya yi yadda ya so da kayansa, ya sayar ko ya bayar ko a gada. Haya kuma sai an san wa'adinta. Abin da dandalin dole ke yi ya faɗa tsakani: ana karɓar kuɗin saye, ana ba da haya, kuma mai haya ne kaɗai ya san ranar da za ta ƙare. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma duk ɗan kasuwar Jibiya da aka kawo wa irin wannan ciniki a kan buhun gero zai tashi ya bar wurin.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan wasan yara ne, a garin da ke fama da 'yan bindiga da tsadar abinci. Amsar ita ce gem ne fagen da aka fara gwada tsarin, yanzu kuma ya bazu zuwa littafi da waƙa da fim da manhajojin aiki da na karatu. Masu fim ɗin Hausa ma sun bi sahu. An buɗe Northflix a 2019 don a riƙa kallo da biyan kuɗi ta intanet, wasu da yawa kuma suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, suna cin kuɗin talla. Wannan ya farfaɗo da sana'ar, kuma abin farin ciki ne. Amma yanzu arzikin masana'antar yana rataye ne a kan dokokin wani kamfani na Amurka da zai iya canza farashin talla ko rufe tasha ba tare da ya shawarci kowa a Kano ba, kuma mai kallon ƙauye da ba shi da data har yanzu wurin mai turi yake zuwa. Akwai kuma maganar adana tarihi. Tsofaffin finafinan shekarun 1990 da har yanzu ake iya gani, da yawansu sun tsira ne saboda wani ya ajiye kaset a akwati ko wani ya kwafa. Aikin da ke zaune a na'urar kamfani ɗaya kawai, ranar da kamfanin ya rufe ya tafi ke nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta fasa kwaɗon fasaha, tana bin sahun yarjejeniyar duniya ta 1996 da dokar Amurka ta 1998. Kare mai ƙirƙira daidai ne, sai dai an ba kwaɗo ƙarfin doka ba tare da an tilasta wa mai kwaɗon ya buɗe kanti a ƙasar ba, ko ya bar wa mai saye hanya idan ya tattara ya tafi.

Dillalan Ƙofar Wambai da furodusoshin farko sun fi kamfanonin yau fahimtar kasuwarsu. Sun ɗauki masu kwafi suka mayar da su wakilai, suka nemo abin da za a iya ƙirgawa, suka bar mai saye da kayansa. Masu turi na yau su ne jikokin waɗancan dillalai, suna ko'ina daga Jibiya har Maraɗi da Tasawa, sun san abin da jama'a ke so, kuma suna karɓar naira da sefa hannu da hannu. Masu fim da matasan da suka fara ƙirƙirar manhajoji da wasanni da Hausa su yi musu rajista su sayar musu da izinin turawa a farashin da za su iya, ya fi musu a kan kwaikwayon kwaɗon da aka ƙera don ƙasashen da wuta da intanet ba sa yankewa. Hukumar kare haƙƙin mallaka da ta kare masu saye kuma su nemi a rubuta a doka cewa duk kamfanin da ya karɓi kuɗin ɗan Nijeriya da sunan sayarwa, dole abin ya ci gaba da aiki a hannunsa ko babu intanet, ko kuma a faɗa masa wa'adin hayar tun kafin ya biya.